Tubalin da Bai Faɗo Ba

Ƙannena na Karaye da Rogo, maza da mata, musamman ku da kuke ajin kimiyya a sakandare, da ku nake.

A gindin katanga na ɗauki darasina na farko na fiziks, kuma malamin da ya koyar da ni ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko. Wani rani ne, an gama kai amfanin gona gida, kawuna ya tashi ɗaga katangar da damina ta cinye masa. Ina ɗan shekara goma sha uku, aka sa ni cikin masu miƙa tubali. Da yawanku bulo kuka tashi kuka gani, don haka bari in zana muku. Tubali curin ƙasa ne da ake murzawa da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana har ya bushe ƙamas. Magini yana zaune a kan katangar, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje kamar mai kilisa, yana jerawa yana ja da baya. Ba mai hawa tsani ya kai masa. Daga ƙasa ake cilla masa ɗaya bayan ɗaya, ya cafe, ya dasa, ya bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa.

Da katangar ta wuce tsayin mutum sai aikin ya koma na gwanaye. Ni kuwa a lokacin ƙarfi ne yake ɗibata. Na tattara na wurga na farko kamar mai jifan mangwaro. Tubalin ya daki tafin maginin, ya suɓuce, ya faɗa cikin gida ya tarwatse. Tsohon ya yarfe hannu, ya leƙo ni.

"Kai yaro, faɗa muke yi?"

"A'a, Baba."

"To miƙo mini na ce ka yi."

Na biyu na sassauta, sai ya gaza. Ya tsaya taƙi guda ƙasa da yatsunsa, ya juyo. Ba don na janye ƙafa ba, da babban yatsana ya ba da labari. Masu kwaɓa ƙasa suka bushe da dariya. Maginin bai yi dariya ba. Cewa ya yi: "Duk abin da ka cilla sama, akwai inda yake tsayawa ya huta kafin ya juyo. Ka sa hutun nasa ya zo daidai hannuna."

Kafin la'asar hannuna ya faɗa. Tubali ya tashi, ya yi ta rage gudu, ya iso gaban tsohon kamar an ɗora shi a kan kanta, shi kuma ya ɗauke shi da yatsu ba tare da ya ko dube ni ba.

Bayan wasu shekaru, malamin fiziks ya zana wata lanƙwasa a allo mai kama da bakan gizo, ya rubuta W = mgh a ƙarƙashinta, ya ce mu haddace. Muka haddace, muka ci jarrabawa, muka manta. Sai da na girma na gane cewa abin da aka rubuta a allon da abin da tsohon ya faɗa daga kan katanga magana ɗaya ce. Ba na so ku ma ku yi wannan dogon zagaye kafin ku haɗa su.

Kalmar aiki a bakin masana fiziks ba ta da faɗin da take da shi a bakinmu. A wurinsu, ana cewa wani ƙarfi ya yi aiki ne idan ya tura abu ko ya ja shi, abin kuma ya gusa a kan layin da ƙarfin yake. Sai a ninka ƙarfin da tazarar da aka gusa. Ma'aunin sunansa jul, an ɗauko shi daga sunan James Joule, wani masani ɗan Ingila. Ƙarfin da muke magana a kansa shi ne jan ƙasa. Wasu suna ce masa maganaɗisun ƙasa, amma maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, wannan kuwa bai bar mangwaro ba, bai bar akuyar da ta zame daga kan dutse ba. Fuska ɗaya tak ya sani, wato ƙasa. Kowane kilo guda yana jansa da ƙarfin niyuton 9.8, wanda a jarrabawa akan ce ku ɗauka 10 don sauƙi.

Mu koma gindin katangar da alƙalami. A ce tubalin kilo 4 ne, hannun maginin kuma yana mita 3 sama da nawa. Huɗu sau goma sau uku, wato m sau g sau h, jul 120. Wannan ne kuɗin hanya. Dole tubalin ya bar hannuna da kuzarin motsi na jul 120, wato gudun kusan mita 7.7 a sakan guda. Yana hawa, ƙasa tana jansa baya, tana karɓe kuzarin kaɗan kaɗan, jul 40 a kowace mita. Tunda abin sama yake yi, ƙarfin kuma ƙasa yake ja, aikin da jan ƙasa ya yi na ragi ne, shi ya sa ake sa masa alamar ɗebewa. Kafin sakan ɗaya ya cika an karɓe duka, tubalin ya tsaya cak. Hutun da tsohon yake nufi ke nan.

Jifana na farko fa? A ce na ba shi jul 200, abin da zai kai shi mita 5. A mita ta uku an karɓi 120 kawai, saura 80, kuma waɗannan 80 ɗin ne suka sauka a tafin dattijo. Na biyu na ba shi 110, kuɗinsa ya ƙare a mita 2.75. Da ya juyo, sai ƙasa ta soma mayar masa da abin da ta karɓa, jul 40 a kowace mita, domin yanzu tafiyarsa da jan sun fuskanci wuri ɗaya, aikin ya zama na ƙari. Ya iso daidai hannuna da 110 ɗinsa cif. Ya ci gaba zuwa ƙafata, mita guda ƙasa da inda ya tashi, aka ƙara masa 40. Jul 150 ne suka nufi yatsana, da gudun da ya kai kilomita 30 a awa, gudun babur a cikin gari. Masu aikin gini da ke tsayawa ƙarƙashin abokan aikinsu ba hular kwano, wannan lissafin ne ba su yi ba.

Kun ga ke nan jan ƙasa mai riƙon amana ne. Abin da ya karɓa a hawa shi yake mayarwa a sauka, ba riba ba giɓi. Ƙwallon da mai tsaron gida ya buga daga ƙasa, ta yi sama, ta ratsa rabin fili ta dira a ƙasa, jimillar aikin da jan ƙasa ya yi a kanta sifiri ne, komai kyan lanƙwasar da ta yi a sararin sama.

To ina labarin tafiyar gaba? Nan ne wurin da ɗalibai suke tuntuɓe. Ba a gindin katanga daf nake tsayawa ba, nakan ɗan ja baya, don haka tubalin yana hawa yana kuma matsawa gaba. Wannan matsawar ba ruwan jan ƙasa da ita, ba ya ƙara mata gudu, ba ya rage mata. A ƙololuwa, lokacin da hawa ya ƙare, ita kaɗai ce take saura, ita ce take ƙarasa da tubalin cikin hannun magini a hankali. Haka dutsen majaujawar da kuke korar tsuntsaye da ita a gonar dawa: tafiya biyu yake yi a lokaci guda, ta gaba da gudu ɗaya, ta sama da ƙasa kuma tana raguwa tana ƙaruwa. Haɗuwarsu ce take fitar da lanƙwasar da ake kira farabola.

Abin da ya fi ba ni haushi da na fahimci wannan shi ne dakon da na sha a wancan ranin. Daga filin shanya zuwa gindin katanga taku ɗari biyu ne, fili shimfiɗaɗɗe, kwando a kaina. Wuyana ya sage. Amma a littafin jan ƙasa, duk wannan zirga-zirgar sifiri aka rubuta mata, domin kayan bai ƙara tsayi ko na ɗan yatsa ba. Gajiyar gaskiya ce, tsokar jiki tana ƙona abinci don ta riƙe kaya, sai dai ba a cikin tubalin wahalar ta taru ba. Cilla guda ta ƙasa da sakan ɗaya ta ajiye masa abin da dakon wuni bai ajiye ba.

Saura ƙa'ida ɗaya. Ko cilla tubalin aka yi, ko da tsani aka hau da shi, ko a guga aka sa shi aka ja da igiya, in dai ya tashi daga nan ya kai can, jul 120 ne. Ku gwada abokanku da wannan tambaya: mutum yana kan soro da duwatsu uku iri ɗaya, ya jefa ɗaya sama, ɗaya miƙe gabansa, ɗaya ƙasa, duka da ƙarfi ɗaya. Wanne zai dira da gudu mafi yawa? Yawanci za su ce na ukun. Amsar ita ce duka ɗaya ne, in an ɗauke tasirin iska. Na ƙasan zai riga isa, na saman zai zo a ƙarshe, amma kuzarin da suka tashi da shi ɗaya ne, tsayin da suka sauko ɗaya ne, don haka gudun dirarsu ɗaya ne. Tambaya biyu kawai jan ƙasa yake yi wa kowane jifa: daga wane tsayi ka tashi, a wane tsayi ka tsaya?

Kada ku ga abin da sauƙi ku raina shi. Ɗan Adam ya yi kusan shekara dubu biyu yana kokawa da jifan dutse. Aristotle na Girka ya ɗauka iska ce take ci gaba da tura dutse bayan ya bar hannu. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ƙi wannan a littafinsa Kitab al-Shifa, ya ce mai jifa ne yake zuba wa dutsen wani karkata a cikinsa, kuma ba don abin da yake tare shi a hanya ba, da karkatan bai ƙare ba. A 1638 Galileo na Italiya ya raba jifa gida biyu kamar yadda na nuna muku, ya tabbatar da cewa hanyarsa farabola ce. A 1687 Isaac Newton ya nuna cewa jan da yake dawo da dutse shi ne yake riƙe da wata a kewayen duniya. Ita kuwa kalmar aiki da wannan ma'ana, wani injiniya ɗan Faransa mai suna Coriolis ne ya kafa ta a 1829, a zamanin da ake auna ƙwazon inji da yawan nauyin da ya ɗaga da tsayin da ya kai shi, kamar ruwan da ake janyewa daga ramin haƙar ma'adinai. Daga wurin leburori da masu inji kalmar ta shiga littafi. Ku daina jin cewa baƙuwa ce a gindin katangarku.

Na ce in an ɗauke tasirin iska. A duniyar da muke ciki ba a ɗauke shi, kuma iyayenmu mata sun fi kowa sanin haka. Ku je masussuka bayan kaka ku tsaya ku kalli shiƙa. Mace ta ɗaga ƙwarya sama da kanta, ta karkata, tsaba ta zubo kusan a miƙe, ƙaiƙayi ya bi iska ya tafi gefe. Ƙasa tana jan su duka biyun, kowanne gwargwadon nauyinsa, amma ƙaiƙayi faɗi gare shi ba nauyi, iska ta fi ƙarfinsa. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu tare a kan wata, inda ba iska, suka dira lokaci guda. Halin iska ya saɓa da na jan ƙasa ta fuska biyu: ita kowane taku na hanya take caja, kuma abin da ta karɓa ba ta mayarwa. Shi ya sa littafi zai ce muku jifa ya fi nisa idan ya tashi a kusurwar digiri 45, amma ƙwallo a fili takan so ƙasa da haka kaɗan.

Yanzu ku ɗaga kai ku dubi abin da yake bayan gidanku. Dam ɗin Challawa da ke ƙasar Karaye, wanda aka gina tsakanin 1990 da 1992, tsayinsa mita 42 ne, tsawon bangonsa ya kusa kilomita 8, kuma in ya cika yana riƙe ruwa wajen kubik mita miliyan 900. Mene ne dam in ba hannun magini ba? Rana ce ta ɗaga ruwan zuwa gajimare, ya zubo a kan tudu, ya kama hanyar gangara, sai aka sa bango aka cafe shi tun yana sama. Litar ruwa kilo guda ce. In ta sauko mita 42, jan ƙasa ya yi mata aikin jul 420, jarka mai lita 25 kuma 10,500. Da irin wannan lissafi Kainji da Shiroro suke ba ƙasar nan lantarki. Da shi ruwan Tiga yake bin magudanai ya isa gonakin Kadawa da Kura da ƙafarsa. Da shi tankin burtsatsen unguwarku, wanda aka ɗora a kan dogayen ƙarafa, yake turo ruwa famfo da dare bayan sola ta kwanta. Ɗan Turawa ko Yammedi da ya tashi yana kallon wannan ruwa bai kamata a ce mgh ta gagare shi a takarda ba.

Don haka in kun shiga ɗakin jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB kuka ga tambayar jifa, kada ku ruga neman ƙa'idar da kuka haddace. Ku fara zana abin. Ku sa ɗigo inda ya tashi, ku sa ɗigo inda ya tsaya, ku nemi bambancin tsayinsu. Kada ku auna tsawon lanƙwasar, kada ku damu da nisan da ya yi gaba. In ya ƙare sama da inda ya tashi, aikin na ragi ne. In ƙasa, na ƙari. In daidai, sifiri. Kafin ranar kuma, ku gwada da hannunku. Ɗaya ya cilla lemo sama, ɗaya ya ɗauka da waya, ku kalla a hankali ku ga yadda yake jinkiri a ƙololuwa. Abin da ido ya gani ba ya bin ruwa ranar jarrabawa.

Amma ba don maki kaɗai na ɗauko alƙalami ba. Tun ranar da na gane cewa dakona na wuni sifiri ne a wani littafi, na soma yi wa kaina wata tambaya a ƙarshen kowace shekara, kuma ita nake so in bar muku.

Ƙuruciya jifa ce. Ƙarfin da kuke ji a jikinku yanzu, da kaifin ƙwaƙwalwar da ke sa ku haddace shafi a zama ɗaya, kuzari ne da aka sallamo ku da shi, kuma ana karɓarsa kaɗan kaɗan ko kun so ko kun ƙi. Na san samari da yawa daga Zarewa zuwa Fulatan da suke fita ci-rani kowace shekara, Kano, Kaduna, Abuja, har Legas. Neman halal ne, ba abin kunya a ciki, da shi ake rufa asirin gidaje da yawa. Sai dai na ga mutum biyu sun fita tare sun dawo tare shekara bakwai. Ɗaya ya dawo da sana'ar walda a hannunsa da injin ban-ruwa a gonarsa. Ɗayan ya dawo da labarin garuruwa da sabuwar waya. Nisan da suka yi ɗaya ne, gajiyarsu ɗaya ce. Tambayar ita ce: bana me na ɗaga? Wace sura na ƙara, wane aiki hannuna ya iya da bara bai iya ba, me na ajiye da zai yi mini aiki ranar da ba ni da ƙarfi? Yawan kai da kawo ba ya amsa wannan tambaya.

Wanda hanyarsa ta yi tsawo kuma, kada ya karaya. Wata an yi mata aure kafin ta gama sakandare, sai da ta yi 'ya'ya biyu ta koma aji. Wani sau uku yana zana jarrabawa kafin ya samu shiga Jami'ar Bayero ko ta kimiyya da fasaha da ke Wudil. Wani da safe yana gona, da yamma yana makaranta. Ranar da kuka iya abin, kun iya shi ke nan. Gadar da injiniya ya auna ba ta tambayarsa ko daga Rogo ya fito ko daga birni, kuma maras lafiya ba ya tambayar likita sau nawa ta zana jarrabawa. Sai dai ku tuna da iska. Kowace shekarar da aka ɓata a zagayen da ba dole ba tana cin wani abu da ba ya dawowa. Hanyar da ƙaddara ta tsawaita, a bi ta da haƙuri. Wadda lalaci ya tsawaita, a gajarta ta tun yau.

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma ba masanin da ya taɓa ƙaryata su a kan dutsen yaro da mangwaro. Amma ni na ga jifan da bai faɗo ba. Na cilla ɗaruruwansu a wancan ranin. Abin da ya raba su da wanda ya nufi yatsana abu biyu ne: an auna su daidai inda ake so su je, sannan akwai hannun da yake jiransu a sama. Ƙarfi ba tare da awo ba, tafin dattijo yake fasawa, ya tarwatse a tsakar gida. Awo ba tare da mai cafewa ba, kan mai shi yake dawowa. Saboda haka ku nemi hannu tun kuna hawa: malamin da zai zauna da ku bayan an tashi, ogan sana'ar da zai ce muku kun yi ba daidai ba, uwa ko yayar da za ta riƙe muku ɗan abin da kuka samo kada ya narke. Kuma in sun ce ku sassauta ko ku ƙara, ku ji, domin wanda yake kan katanga ya fi na ƙasa ganin inda tubali yake tsayawa.

Bara na je gaisuwa gidan kawun nawa. Maginin ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Katangar tana nan, an sha yi mata yaɓe, an kafa mata indararo sabo. Na tsaya a gindinta daidai inda nake tsayawa ina yaro, na ɗaga kai. A can saman, ƙarƙashin yaɓen, akwai tubalan da suka bar hannuna fiye da shekara talatin da suka wuce, kowanne da jul 120 ɗinsa a ajiye, har yau ƙasa ba ta karɓe su ba. A inuwarsu jikokin kawu suke cin tuwo.

Allah ya sa abin da kuka cilla ya samu hannu.